Abin da Baba Harold Ya Faɗa Mini a Bakin Ƙofa

A tashar jirgin ƙasa ta Landan aka fara yi mini maraba da Ingila. Ina tsaye da akwatuna biyu, na ɗaga kai ina kallon allon da sunayen garuruwa ke jujjuyawa a kansa, sai na ji an ce daga bayana, "Malam, daga Kano ko?"

Hausa ce tsantsa, irin ta cikin gari. Na waiwaya na ga wani dogon mutum cikin baƙin kwat, fuska a sake. Ya ce hulata ce ta tona mini asiri. Ya ce sunansa Ɗanjuma. Da na gaya masa ni Tasi'u ne daga Jakara, sai ya dafa ƙirji ya ce ai kakarsa 'yar Ƙofar Ruwa ce, mu 'yan gida ɗaya ne. Kwana biyu ke nan rabona da jin Hausa, kuma wallahi na kusa rungume shi.

Ya ce babban akwati ba ya shiga inda fasinja ke zama, sai an kai shi taragon kaya an yi masa rajista. "Kai riƙe layi ka sayi tikiti, ni in kai maka. Minti biyar."

Na sayi tikitin. Na tsaya inda ya bar ni har jirgina ya tashi, na bayansa ma ya tashi. A cikin akwatin nan akwai rigar sanyin da na saya a Sabon Gari, da dambun nama da kuka da daddawa da yajin da Inna ta kwana biyu tana dakawa, da tumtum guda biyu na jar fata da mahaifina ya ɗinka da hannunsa don in ba duk wanda ya riƙe ni da mutunci a can. Mahaifina baduku ne a Kasuwar Kurmi, haka ubansa, haka kakansa. Ni ne na fara yin boko a gidan. Ina aiki a wata masana'antar jima a Bompai lokacin da gwamnatin jiha ta tura ni karatun shekara biyu in koyo jimar zamani. Soja ne ke mulki a lokacin, sun kuma yi alkawarin miƙa wa farar hula shekara mai zuwa.

Na hau jirgi na uku da ƙaramin akwati, wanda babu komai a ciki sai takardu da kaftani biyu da dadduma.

Garin da na sauka yana tsakiyar ƙasar, gari ne na masu yin takalma, gidajensa duk jan bulo ne manne da juna kamar an yi su rana ɗaya. A kwaleji aka ba ni jerin gidajen da ke ba ɗalibai ɗaki. Ruwa ake yi, irin siririn nan da ba ya tsayawa. Gida uku na ƙwanƙwasa, duk ukun kuma sai an dube ni daga hula zuwa takalmi sannan a ce an ba wani ɗakin ɗazu. Takardar neman ɗan haya kuwa tana nan a jikin taga.

A gida na huɗu wani tsoho ne ya buɗe, dogo, ya ɗan ranƙwafa, da wani kare mai furfura a baki a bayansa. Na yi tsalle baya har na kusa faɗawa titi. Tsohon ya dube ni, ruwa na zuba daga hulata, haƙorana na haɗuwa, ya ce, "You look miserable."

Na san kalmar. Malaminmu na Turanci a sakandare ya rubuta mana ita a allo, ya ce ma'anarta wanda ke cikin matsanancin baƙin ciki, wanda duniya ta yi masa ƙunci. Don haka da na ji ta daga bakin baƙon da bai taɓa ganina ba, sai na ɗauka Allah ne ya nuna masa cikin zuciyata. Hawaye suka zubo mini a nan bakin ƙofa, ina da shekara ashirin da shida. Tsohon ya rikice, ya ja ni ciki, ya ɗora ruwan shayi. Sai daga baya na gane ba zuciyata yake nufi ba, jiƙewar da na yi kawai ya gani.

Sunansa Harold. Ya ce haka zan riƙa kiransa. Na gwada, bakina ya ƙi. Mutumin da ya girmi mahaifina, in kama sunansa gatsal? Na ce masa a wurinmu ba a yi, sai dai in ce Baba. Ya tambayi ma'anarta, na gaya masa. Ya ce to, ba laifi, ya daɗe ba a kira shi da wani abu mai kama da haka ba. Ɗansa ɗaya ne, yana Ostareliya, kati yake aikowa sau ɗaya a shekara. Matarsa Mabel ta rasu shekara huɗu kafin zuwana.

Da ya ji abin da na zo karantawa sai ya miƙo mini hannayensa. Faratan sun yi baƙi-baƙi, fatar tafin ta yi kauri, daidai da hannun majeman garinmu. Shekara arba'in ya yi yana jima kafin a rufe masana'antarsu. Ya ce fatun jajayen awaki da suka fi kowanne kyau a daure-daure suke zuwa, an buga musu sunan Kano a jiki, shi kuma bai taɓa tunanin akwai mutane a wurin ba, ya ɗauka sunan kamfani ne. Na ba shi labarin bagaruwa da yadda ake jiƙa ta, ya sa na maimaita sau biyu. A daren farko ya ciro wata tsohuwar rigar sanyinsa mai nauyi ya ba ni, hannunta ya wuce yatsuna. Washegari kuma, ban ce masa komai ba, na tarar ya gitta katako a gindin matakala don kada karen ya hau inda nake salla. Ya lura da yadda nake ɗage ƙafa in karen ya matso. Sunan karen Tobi.

A gidan nan na koyi yadda masu kalmar ke amfani da abarsu. In sama ta yi duhu, miserable ce. In shayi ya huce, miserable ne. Gwamnati, da ƙwallon da ƙungiyarsa ta buga ranar Asabar, da guntun naman da mahauci ya yanko masa, duk miserable. Matar da ke gidan da ke manne da namu, Misis Doris, in ta yi masa ƙorafin haushin Tobi, sai ya rufe ƙofa ya ce da ni, "Ƙyale ta, old misery ce," wato mai tsuke fuska da ba a iya faranta mata. Alhali kowace Lahadi sai ta aiko masa da abinci a rufe da faranti. Ina da ɗan littafi da nake rubuta sababbin kalmomi, a gaban wannan na soke abin da malaminmu ya koya mana, na rubuta: abin da bai yi daɗi ba, ba wani abu ba ne.

Sai hunturu ya shigo. An gaya mini za a yi sanyi, amma ba wanda ya gaya mini rana za ta ɓace. Ka fita da safe cikin duhu, kafin ƙarfe huɗu duhu ya dawo. Azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana kora su. Ni kaɗai ne baƙi a ajinmu. Ba wanda ya zage ni, amma sai in wuni ba wanda ya tambaye ni yaya na kwana, yaya gida, yaya gajiya. A Jakara daga ƙofar gidanmu zuwa bakin kasuwa sai ka gaisa da mutum talatin. Wasiƙar gida ta zo, ƙanena ya rubuta cewa Inna na tambaya ko yajin ya ƙare. Na ba da amsa cewa da saura, yana da daɗi ƙwarai.

Wata safiya na farka na kasa tashi. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Jikina ne kawai ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen kirgi, kuma na rasa dalilin da zai sa in sa ƙafa a ƙasa. Salla ma a zaune nake yinta, wata har lokacinta ya fita ina kallon bango. Da a gida ne da an ce sammu ne ko iska, a kira malam. A can kuwa ba ni da sunan da zan ba abin. Kwana tara na yi a haka.

Baba Harold yana da ciwon gwiwa, hawa matakalar nan azaba ce gare shi. Amma sau biyu a rana sai in ji shi yana tahowa, taka ɗaya ya huta, kofi na kaɗawa a kan faranti. Shayi ne da dafaffen ƙwai da burodi. Bai taɓa tambayata me ke damuna ba. Sai ya zauna a kujera ya buɗe jarida yana karantawa da ƙarfi yana tsine wa 'yan siyasarsu, in ya gama ya kwashe kwanukan ya sauka. A rana ta tara ya shigo babu faranti, sai igiyar kare a hannunsa.

"Gwiwar nan ta ƙi yau," in ji shi. "Tobi kuma dole ya fita. Tashi ka taimake ni."

"Baba, ba zan iya ba."

"Na san ba za ka iya ba. Tashi dai."

Na tashi. Ranar na fara riƙe igiyar kare a rayuwata. Shi ma kuma ya biyo mu da sandarsa, gwiwar da ya ce ta ƙi ta kai shi har bakin wani dogon magudanar ruwa da ke bayan tsohuwar masana'antarsu. Muka zauna a benci. Na ce, "Baba, abin nan da ya same ni, shi ne miserable?"

Ya girgiza kai. "A'a. Wannan ta ruwan sama ce da shayi. Abin da ya same ka uwarta ce, misery. Waccan wucewa take yi kafin yamma. Wannan kuwa kamar ɗaki ce, mutum yana shiga ya zauna, ya manta inda ƙofa take." Ya sosa wa karen kunne. "Shekara guda na yi a ciki bayan Mabel. Wannan ɗan banzan ne ya fito da ni. Ko na so ko ban so ba, ƙarfe bakwai sai ya ci abinci."

Na koma kwaleji a makon. Na kuma gyara abin da na rubuta a littafina.

Bazara ta zo da hasken da ban taɓa gani ba. Azumi ya faɗo a tsakiyarta, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara. Baba Harold, wanda tun yana yaro ƙarfe shida yake cin abincin yamma, sai ya riƙa jirana. Yana zaune yana kallon agogo yana mita cewa wannan addini ne miserable, amma ba zai taɓa cokali ba sai na ce lokaci ya yi. Watannin nan su ne mafi daɗi da na yi a ƙasar. A duk wasiƙar da na aika gida sai na ba da labarinsa.

Bayan salla da 'yan makonni Tobi ya fara jan ƙafafun baya. Daga nan ya daina ci, ya kwanta a gindin murhu yana wani irin nishi. Baba ba zai iya ɗaukarsa ba, ba mu da mota. Ni na naɗe shi a bargo na rungume shi a ƙirji har wurin likitan dabbobi, ina jin bugun zuciyarsa a jikin tawa. Likitan ya latsa cikinsa, ya duba idonsa, ya cire tabarau ya ce abin ya riga ya ci jiki. Sannan ya faɗi wata magana a hankali: "Best to put him out of his misery."

Na taɓa jin maganar. Ranar Asabar in na riga Baba ɗaukar jarida na ɓoye masa sakamakon ƙwallo, haka yake cewa, in fitar da shi daga misery ɗinsa in faɗa masa ci nawa ne. Wasa ne a wurina. Don haka na tambaye shi me likita ke nufi, wane magani ne zai fitar da karen daga wahala.

"Allura ce," in ji shi. "Zai yi barci, ba zai tashi ba."

"Baba, rai fa na Allah ne."

"To Allah ya ba shi shekara goma sha huɗu masu kyau. Ragowar ba komai a cikinta sai zafi." Ya sa hannu a kan karen. "Wannan ne alheri na ƙarshe da zan iya yi masa."

Bai ɗauke hannun ba har aka gama. Na sake rungumo Tobi muka dawo, ya fi nauyi a dawowa. Na haƙa rami a ɗan lambun bayan gida, Misis Doris tana leƙowa ta kan shinge tana share ido da gefen rigarta.

Makon farko gidan ya yi tsit. Baba ya daina zagin shayi, ya daina zagin gwamnati. Ƙarfe bakwai sai in ji ya buɗe kabad ɗin da abincin karen yake, ya tsaya, ya rufe. A mako na biyu kuwa sai ya warware. Ya yi aski, ya goge tagogi, ya gyara ƙofar lambu da ta shekara tana ƙara. Ya kai wa Misis Doris tukwanen furannin matarsa ya ce ita ta fi shi iya kula da su. Ni kuma ya ba ni wuƙarsa ta karce fata, mai ƙota biyu, wadda ya yi aikin shekara arba'in da ita, a naɗe cikin tsumma mai mai. Na yi ta murna. Na ce a raina, alhamdu lillahi, tsoho ya haƙura.

A daidai lokacin ne ranar miƙa mulki ta ƙarato. 'Yan ƙasarmu da ke karatu a Ingila suka shirya taro na kwana uku a Landan, aka aiko mini da takarda. Shekara goma sha uku muna ƙarƙashin soja, tun ina yaro. Ina son zuwa ƙwarai, ina son in ji Hausa, in ci tuwo. Amma na ce wa Baba ko in fasa.

"Kada ka kuskura," in ji shi. "Ba kullum soja ke ajiye mulki da kansu ba. Je ka yi rawa."

Da safen tafiyar ya rako ni bakin ƙofa, wurin da na fara ganinsa. Ya gyara mini wuyan rigar sanyin. Na ce, "Baba, ka tabbata za ka iya zama kai kaɗai?"

Ya yi dariya, dariya sosai, har da dafa ƙofa. Ya ce, "Ni ai babu likitan da zai fitar da ni daga misery ɗina. Sai dai in san yadda zan yi da kaina. Maza, jirgi zai tafi ya bar ka."

Ni ma na yi dariya. Na ɗaga masa hannu daga kan kwana, ya ɗago mini sandarsa.

Taron ya yi armashi. An cika wani babban zaure, manyan riguna da gwaggwaro ko'ina, an dafa tuwon shinkafa da miyar taushe da dafa-duka. An kunna rediyo muna jin abin da ke gudana a Legas, mutane na kuka suna rungumar waɗanda ba su sani ba. Kafin yamma kuma an fara musu a kan jam'iyyu har ana nuna wa juna yatsa. Na ci na ƙoshi, na yi surutu har muryata ta dushe. A rana ta biyu, muna fitowa daga wani gidan abinci, maganar bakin ƙofa ta faɗo mini a rai haka kawai, ba tare da dariyar ba. Gidanmu babu waya, amma Misis Doris tana da ita, lambarta na aljihuna. Ga rumfar waya a tsallaken titi. Na tsallaka. Mutum biyu ne a gabana, ta cikin kuma ta ƙi gama magana. Abokaina suka yi ta kirana cewa bas ta zo. Na ce a raina, ai haka yake magana kullum. Na bi su.

Da la'asar na dawo a rana ta uku. Labulen gidan duk a sauke, ga kwalaben madara biyu a kan dakali ba a ɗauka ba. Ina laluben makulli sai Misis Doris ta buɗe ƙofarta ta ce, "Zo nan, ɗana. Kada ka shiga can. Zo ka zauna."

A kicin ɗinta ta gaya mini. Washegarin tafiyata, da hantsi, ta ga takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofarta. Ya rubuta cewa ta kira 'yan sanda, kada ta shiga da kanta, kuma ko ta halin ƙaƙa kada ta bari ni ne zan fara ganinsa. An same shi a kujerarsa, cikin kwat ɗinsa na zuwa coci, ya sha magungunansa. Na yi lissafi a zaune a wurin. Lokacin da nake tsaye a bakin rumfar waya, ya riga ya tafi da awanni. Na sha gaya wa kaina haka. Bai taɓa rage mini komai ba, domin da safen da yake raye, yana tsaye a gabana, ya faɗa mini da bakinsa.

Ni ma ya bar mini takarda a kan matakala, layi biyu. Ya ce in gama karatuna, rigar sanyin kuma tawa ce.

A ƙasar in mutum ya mutu irin wannan mutuwar sai an zauna bincike a gaban wani jami'i mai kama da alƙali. Aka kira ni. Ya tambaye ni ko mamacin ya taɓa faɗin wani abu da ke nuna niyyarsa. Na maimaita masa maganar kalma bayan kalma. Ya ajiye alƙalami ya ce, "Kai yaya ka fahimce ta a lokacin?"

Na ce, "Wasa na ɗauka, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Kowane Bature ma haka zai ɗauka. Magana ce da muke yi kullum." Ya rubuta wani abu ya ce in zauna.

Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma kowane Bature bai zauna da shi a bencin nan ba, bai ji daga bakinsa abin da ya fito da shi daga ɗakin a karo na farko ba, bai kuma haƙa ramin da aka binne abin ba. Ni na yi duka ukun.

Mu bakwai ne a wurin jana'izar, har da ɗansa da ya iso da safe ya koma bayan kwana biyu. Ba a binne shi ba. Aka yi 'yar waƙa, akwatin gawar ya zame a hankali ya shige bayan labule, Misis Doris ta raɗa mini cewa ƙonewa za a yi, shi ya zaɓi haka. Na buɗe baki in yi addu'a na rasa wadda zan yi, na tsaya da tafin hannu a buɗe kamar mai jiran a zuba masa wani abu.

Misis Doris ce ta riƙe ni sauran shekarar, a ɗakin ɗanta da ya yi aure. Ta koyi dafa mini abinci babu naman alade, tana mita tana yi. Gidan Baba ya zauna babu kowa har na bar ƙasar, bango ɗaya ne tsakaninsa da gadona. Wani lokaci ina karatu da rana tsaka sai in ji kamar ana hawa matakala a can, taka ɗaya a huta. In ɗaga kai in saurara, shiru. Ban gaya mata ba. Ban kuma gaya wa kowa a gida ba, sai dai na daina ambatonsa a wasiƙa. Na ci jarrabawa da sakamako mai kyau. Har yau in na ci karo da kalmar nan a jarida, ko a kan farashin kaya ake magana, ninke jaridar nake yi.

Na dawo na tarar da Kano ta cika da tutocin jam'iyyu. A kowane zaure siyasa ake yi, wa da ƙane ba sa ga maciji saboda ƙuri'a. Aka yi ta zuwa yi mini sannu da zuwa, ana cewa na yi fari na yi ƙiba. Inna ta dafa duk abin da ta san ina so.

A kwana na biyu na bi mahaifina Kurmi. Muka ratsa lungunan nan masu ƙamshin kanumfari da jar fata har rumfarsa. Ya shimfiɗa buzu, ya zauna, ya sa hannu can cikin wani tsohon kwando ya ciro wani abu a naɗe da takarda. Takalma ne na zaman gida, na jar fatar akuya mai laushi kamar alhariri, an yi musu ado da kore a baki. Na san ɗinkinsa. Ya fi wata yana yinsu.

"Na mutuminka ne," in ji shi. "Tsoho ƙafarsa kumbura take yi, shi ya sa na sake su. Ka nemo mai tafiya a kai masa. A ce masa uban yaron ya gode."

Na zauna a ƙasa. Na ba shi labarin tun daga kare har labule, ban rage komai ba. Masu wucewa suna gaishe shi yana ɗaga musu hannu kawai. Da na gama ya daɗe yana juya takalman a hannunsa.

"Ya faɗa maka ke nan."

"Ya faɗa mini, Baba."

"Kai kuma ka tafi."

"Na tafi."

"Da wace irin fuska ya faɗa?"

"Yana dariya."

Mahaifina ya gyaɗa kai a hankali. "Haka ake faɗarta," in ji shi. "Yayana da ya faɗa rijiya kana goye, wanda aka ce muku santsi ne ya kwashe shi, da dariya ya gaya mini. Ni ma kasuwa na taho."

Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, ranar ko bayanta. Ya miƙe ya zura zare a takalman ya rataye su a ƙusa a can ƙuryar rumfar, sama da inda yake zama. Shekara goma sha ɗaya suka yi a wurin har ya rasu. Masu sayayya sun sha nuna su suna tambayar nawa ne, har Turawa masu yawon buɗe ido. Ba ya ko ɗaga kai daga ɗinkinsa, sai ya ce, "Waɗannan da mai su."